Tsofaffin kayan kamun kifi a arewacin Kano

Tsofaffin kayan kamun kifi, waɗanda masunta ke kira kayan su, su ne ƙugiyoyi da komaye da goruna da tarkuna da mashi da aka yi aiki da su kafin zaren nailan da ƙugiyar kamfani su mamaye sana'ar daga tsakiyar ƙarni na 20. A arewacin Jihar Kano, wato yankin Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi da Bagwai da Dawakin Tofa da Minjibir, ana samun irin waɗannan kaya jefi-jefi a rataye cikin zaure, ko a gindin rumbu, ko cikin tarkacen gidan da tsohon masunci ya rasu ya bari. Ba su da yawa, domin mafi yawansu an yi su ne da abubuwan da gara da ruɓa ke ci, wato zaren tsiro da kara da duma. Tattara su da gane shekarunsu da sunayensu wani ɓangare ne na nazarin kayan al'adun Hausawa, kuma yana da dangantaka da sha'awar tara tsofaffin ƙoton ƙarya da ta yi ƙarfi a Amurka da Turai.

Ƙasar da ruwanta

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana daga cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960, ya bayyana yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, ana ciyar da ita da taki. A irin wannan ƙasa noma shi ne sana'a, su kuwa aiki ne na rani ga mafi yawan masu yin sa. Wannan ya shafi irin kayan da aka bari. Ba kasafai ake samun manyan jiragen ruwa ko dogon taru irin na bakin Kwara ko Tafkin Chadi ba. Abin da aka fi samu ƙananan kaya ne da mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa ya nufi fadama.

Kogunan arewacin Kano, irin su Gari da Tomas da Jakara da Watari, asalinsu koguna ne na damina. Suna cika daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, sannan su janye su bar gurabe da tafkuna. Ban da su akwai kududdufai, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini ruwa ya taru a ciki. A waɗannan ruwaye kifin da ya fi jure wahala shi ke rayuwa: tarwaɗa, wadda ke iya shaƙar iska idan ruwa ya yi ƙaranci, karfasa, ƙurungu mai ƙaya, da gaiwa, wadda ke shigewa cikin taɓo ta kwanta har ruwa ya dawo. Gaiwa ma ba a buƙatar koma a kama ta da rani, haƙo ta ake yi da fartanya, shi ya sa fartanya ke iya shiga lissafin kayan su a nan, ko da yake babu mai tara kayan tarihi da zai yarda ya jera ta tare da su.

A al'ada manyan tafkuna suna da mai kula da su, galibi Sarkin Ruwa a ƙarƙashin dagaci ko hakimi. Akan hana shiga ruwa sai ranar da aka sa, a yi shela, mutanen ƙauyuka su taru su faɗa ruwa gaba ɗaya. Yawancin komayen hannu da ake samu a gidajen da ba na masunta ba, don irin wannan rana aka ajiye su.

Kayan da aka gada

Fatsa ita ce mafi sauƙi: ƙugiya ɗaya a bakin zare, an ɗaura a sanda ko kara, da ɗan guntun kara mai sauƙi da ke yawo a kan ruwa yana nuna lokacin da kifi ya taɓa. Abin da ake soka wa ƙugiya shi ne ƙoto, kuma a ƙasar Hausa ƙoton gaske ne ake amfani da shi: tana, ko fara, ko gara, ko ƙaramin kwaɗo, ko ƙaramin kifi, ko curin tuwo da dusa. Wannan ne babban bambanci tsakanin al'adar su ta nan da ta ƙasashen da suka ƙirƙiri ƙoton katako da na ƙarfe. Tarwaɗa da ƙurungu da ƙamshi da gashin baki suke neman abinci a cikin ruwa mai duhu, ba da ido ba, don haka kifin katako mai fenti ba zai ruɗe su ba. Fasahar masuncin Bahaushe ta tafi ne wajen sanin ƙoton da kowane kifi ke so da lokacin da yake ci, kuma wannan ilimi ba ya barin wani abu da za a rataye a bango.

Mamari, wanda wasu ke kira mari-mari, doguwar igiya ce da ake jera wa ƙugiyoyi masu yawa kusa da juna, ba tare da ƙoto ba. Ana shimfiɗa ta kusa da ƙasan ruwa, kifi maras ɓawo irin tarwaɗa in ya zo wucewa sai ƙugiya ta kama shi a jiki, yana fizga wasu na ƙara kama shi. Saboda yawan ƙugiyoyin da yake ci, mamari bai zama kayan kowa ba sai da ƙugiyar kamfani ta yi arha. Tsohon mamari mai ƙugiyoyin maƙera tun daga farko har ƙarshe yana daga cikin kayan da suka fi wuyar samu.

Koma raga ce mai kamar jaka da aka ɗinka a jikin lanƙwasasshen itace, ana tura ta cikin ruwa ana ɗagowa. Homa, ko foma a bakin wasu, ana riƙe ta biyu-biyu, ɗaya a kowane hannu, masunci ya nutsa ya haɗa bakinsu kifi ya shiga tsakani. Abokin homa shi ne gora: babban duma da aka fafe aka bar masa baki, masunci ya kifa cikinsa a kai yana yawo a ruwa, abin da ya kama kuma ya jefa ciki. Wanda yake son ganin homa da gora suna aiki, bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi shi ne wurin. Bikin a sigarsa ta yanzu ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu zuwa Argungu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu a 2016. Dokar gasar da ake yi a Matan Fada, wadda ta keɓe ta ga kayan gargajiya, ta taimaka ƙwarai wajen raya siffar waɗannan kaya, ko da yake zaren da ake saƙa su da shi yau na kamfani ne.

Birgi raga ce mai da'ira da ake jefawa ta buɗe a sama ta faɗa kan kifi, bakinta da nauyi. Taru doguwar raga ce da mutane da yawa ke ja zuwa gaɓa. Kalli ita ce ragar da ake kafawa a bar ta, kifi ya cusa kai ya maƙale. Cikin tarkuna akwai undurutu da ire-irensa, waɗanda ake saƙawa da tsirkiyar itace ko kaba, da baki mai shiga ba fita. Sai mashi, da zago, wanda Sarkawa suka yi suna da shi wajen farautar kada da dorina a manyan koguna. Zago a gidan manomi na Bichi ko Dambatta alama ce ta cewa wani a gidan ya yi ci-rani a bakin babban ruwa, ko kuwa asalin gidan baƙi ne.

Akwai kuma abin da ba a tarawa amma ya kamata a ambata, wato gubar kifi. An daɗe ana daka ganyen magimfa, tsiron da masana ke kira Tephrosia vogelii, a zuba a gurbin ruwa kifi ya bugu ya taso. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki.

Sauyin da ya shafe su

Abu uku ne suka tura kayan gargajiya gefe, kuma sanin lokacin kowanne shi ne mabuɗin kimanta shekarun kaya.

Na farko jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Tare da shi kamfanonin Turawa suka shigo da waya da ƙarfe da ƙugiyoyi cikin kwali. Kano tsohuwar ƙasar tama ce, an sami shaidar narka ƙarfe a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, amma da tarkacen ƙarfen waje ya wadata sai narkar da tama ta mutu a hankali, maƙera suka koma ƙira da abin da suka tsinta. Cikin ƙugiyoyin da suka shiga kasuwannin Afirka babu wadda ta kai ta kamfanin Mustad na ƙasar Norway yaɗuwa. An kafa kamfanin a 1832 a garin Gjøvik, ya fara yin ƙugiya da inji a 1877, kuma tambarinsa hoton mabuɗi ne.

Na biyu nailan. Kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro shi a 1935, ya shiga sana'ar su a Najeriya sosai a shekarun 1950 da 1960. Ragar nailan ba ta ruɓewa, ba ta buƙatar shanya kullum, kuma ta fi kama kifi. Cikin ɗan lokaci masu murza zaren koma suka rasa aiki. Daga baya aka kawo siririn zare mai kamar gilashi wanda kifi ba ya gani, shi ne ya cika ruwaye yanzu.

Na uku madatsun ruwa. A zamanin gwamnan Kano na farko, Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, aka fara shirin datse koguna, aka gama babbar madatsar Tiga a 1974. A arewa, cikin shekarun 1970 zuwa farkon 1980, aka sami madatsar Tomas a yankin Dambatta, da ta Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir, da ta Watari a Bagwai, da ta Gari. Ruwan da a da yake ƙafewa ya zama mai zurfi, yana nan rani da damina. Koma da homa ba su da ƙarfi a ruwa mai zurfi da faɗi, sai kwale-kwale da kalli da mamari suka karɓe. Masunta baƙi suka zo da nasu kaya da nasu sunaye. Daga shekarun 1980 kuma gurar Mali, wani tarko mai ƙashin itace da aka lulluɓe da ragar nailan ana sa masa dusa a ciki, ta bazu a ruwayen arewacin Najeriya. Saboda ƙirarta ta hannu ce, mutane da yawa suna ɗaukarta tsohon kayan gado na ƙasar Kano. Ba haka ba ne; sunanta ma ya faɗi inda ta fito.

Yadda ake gane tsohon kaya

Tsufa a ido ba hujja ba ce. Ƙugiyar da ta yi damina biyu a ƙarƙashin zubar indararo za ta fi wadda ta shekara tamanin cikin tukunya tsatsa. Masu nazarin kayan tarihi sun fi duba abin da aka yi kaya da shi da yadda aka yi shi.

A ƙugiya, abin dubawa na farko shi ne jikinta. Ta kamfani daga waya aka yanke ta, kaurinta ɗaya ne daga sama har ƙasa, kuma goma daga kwali ɗaya ba su da bambanci ko kaɗan. Sau da yawa akan ga ragowar farin shafe ko baƙi a jikinta. Ta maƙeri tana da sawun guduma, jikinta yakan yi kusurwa-kusurwa maimakon zagaye, tana siririncewa zuwa tsini, kuma ƙayar da ke hana kifi zamewa da kurfi aka tsaga ta, don haka takan fito da kauri, a ɗan karkace. Wajen ɗaurin zare, wasu an lanƙwasa musu ido, wasu an daddale kan ya yi faɗi. Daddalen kai shi kaɗai ba ya nuna aikin maƙeri, domin kamfanoni ma suna yin irinsa da yawa, kuma masuntan Afirka sun saye shi ƙwarai.

Ko an tabbatar ƙirar maƙeri ce, da sauran aiki. Maƙera sun ci gaba da yin ƙugiya da wayar ƙafar keke da ƙarfen laima da ƙusa har zuwa yau, yara kuma suna lanƙwasa allura a wuta. Abin da ke raba ƙarfen tama da ƙarfen zamani shi ne yadda tsatsa ke cin sa. Ƙarfen da aka narka a gida yana da zare-zaren ƙazantar tama a cikinsa, in ya tsufa sai ya nuna layi-layi kamar jijiyar itace. Ƙarfen kamfani ramuka-ramuka yake yi. A ƙaramar ƙugiya wannan yana da wuyar gani. A kan mashi ko zago ya fi fitowa. Tsohon ƙarfen Turai na ƙarni na 19 shi ma yana nuna irin wannan layi, saboda haka alamar tana nuna tsufa ne fiye da nuna inda aka narka ƙarfen.

Zare ya fi ƙarfe faɗin gaskiya. Kafin nailan ana murza zaren su da auduga, ko rama, ko ɓawon kuka. A yammacin ƙasar Hausa har akwai wani irin wake da ake kira yawa, wanda ake nomawa ba don ci ba sai don zaren da ake samu daga dogon hannun furensa, kuma masunta sun fi son sa saboda ƙarfinsa a ruwa. Zaren da aka murza a cinya kaurinsa ba ya zama ɗaya, akwai wurin da ya kumbura da wurin da ya tsuke, da gaɓoɓin da aka ƙara sabon zare. Idanun ragar da aka saƙa da hannu suna ɗan saɓawa, saɓanin na inji da suke kamar an auna da ma'auni. Masunta da yatsa suke auna idon raga, a ce mai yatsa biyu ko mai yatsa uku, kuma yana da kyau a rubuta wannan awo yadda suke faɗinsa. Idan ana shakka, akan ciri ɗan silin da ya riga ya tsinke a kusanta shi da wuta: zaren tsiro yana ci ya zama toka da warin takarda, nailan kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Ba a yin wannan gwaji a jikin kayan kansa.

Launi ma yana magana. Don hana zaren tsiro ruɓewa akan jiƙa shi a ruwan bagaruwa ko na ɓawon itace, irin abin da majema ke jima da shi, sai ya yi ja-ja ko ƙasa-ƙasa, taɓon fadama kuma ya ƙara masa. Karin maganar nan da ke cewa "kifi na ganinka, mai jar koma" tana tuna da kamannin komar da ta sha aiki.

Wani abin da ke rikita masu tarawa shi ne kayan da aka yi ta gyarawa. Itacen koma yana iya zama na kaka, ragar ta uba, facin kuma na jika. Haka nauyin bakin birgi: tsofaffi na gasasshen yumɓu ne ko dutse, na baya na dalma. Abin da ke ɗaga igiya a kan ruwa a da guntun kara ne ko tukurwa ko ƙaramin duma. In aka ga guntun silifa ko farin soson kwalin kaya, to an taɓa kayan a shekarun baya-bayan nan. Irin wannan gauraye ba aibu ba ne. A wajen mai nazarin tarihi ya fi kayan da ba a taɓa ba daraja, domin yana ɗauke da sauyin zamani uku a jiki ɗaya. Abin da bai dace ba shi ne a cire sabon ɓangaren don kayan ya ƙara kama da tsoho.

Gora ana gane shekarunsa daga santsin da cikin masunci ya yi wa bayansa, da duhun da hayaƙin ɗaki ya ba shi, da ɗinkin gyartai a inda ya tsage. Gyartai na da da zaren tsiro yake ɗinki. Ɗinkin waya ko zaren buhu na baya ne. Wasu goruna da sandunan mashi suna ɗauke da laya a ɗaure. Sarkawa da gidajen masunta na gado an san su da asirin ruwa da maganin ƙayar kifi idan ta maƙale a wuya, kuma iyalan da yawa ba sa son a taɓa irin wannan laya. Ba a kwance ta, ba a buɗe ta.

Sunan kaya yana sauyawa daga gari zuwa gari, kuma wannan ne wurin da aka fi yin kuskure a rubuce. Abin da ake kira da suna ɗaya a Yawuri yana iya zama wani abu dabam a Haɗeja. Littattafai biyu suna taimakawa: ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934, wanda ya tattara kalmomi daga karuruwan Hausa da yawa, da littafin Fish and Fisheries of Northern Nigeria, wanda William Reed da abokan aikinsa suka fitar a 1967 ƙarƙashin Ma'aikatar Aikin Gona ta Jihar Arewa, daidai lokacin da nailan ke karɓe fage. Duk da haka sunan da mai kayan ya kira shi da shi shi ne na farko da za a rubuta, na littafi ya biyo baya.

Ƙoton ƙarya na ƙasashen waje

A Amurka da Turai, inda ake kamun kifi don nishaɗi kuma kifayen da ake nema masu farauta da ido ne, an ƙirƙiri ƙoton ƙarya: abin da aka yi da katako ko ƙarfe ko roba ya yi kama da ƙaramin kifi ko kwaɗo, da ƙugiyoyi a jikinsa. Julio T. Buel na Jihar New York ya yi rajistar ƙoto mai siffar cokali a 1852. Riley Haskell na Jihar Ohio ya yi rajistar kifin tagulla a 1859. James Heddon na garin Dowagiac a Jihar Michigan ya fara sayar da ƙoton katako a 1902, sannan Lauri Rapala na ƙasar Finland ya sassaƙa nasa na farko a 1936. Tara waɗannan ya zama babbar harka, har aka kafa ƙungiyar masu tara su ta ƙasa a Amurka a 1976. A 2003 an yi gwanjon wani babban kifin Haskell a kan dala 101,200.

Masu wannan sha'awa suna da nasu alamomin. Tsofaffin na farkon ƙarni na 20 jikinsu katako ne, idanunsu gilashi; daga baya aka koma idon ƙusa da idon fenti, roba kuma ta fara shigowa a shekarun 1930. Suna duba yadda aka maƙala ƙugiya a jiki, da sunan kamfani da aka buga a kan ƙarfen da ke juyawa, da ƙananan tsage-tsagen da tsohon fenti ke yi. Kwalin asali yakan ninka farashi, sake fenti kuma yakan karya shi, shi ya sa suke haska kaya da wata fitila mai shuɗin haske wadda ke tona sabon fenti.

A Najeriya irin wannan ƙoto yana aiki ne a kan kifaye masu farauta kamar giwan ruwa da tsage, a manyan ruwaye. Bai taɓa zama kayan masuncin karkarar Kano ba. Wanda aka ci karo da shi a nan galibi ya zo ne ta hannun baƙi masu kamun kifin nishaɗi ko cikin kayan gwanjo, kuma kusan duka na roba ne na kwanan nan da ake yi dubbai. Labarin dala dubu ɗari bai kamata ya ruɗi kowa ba: abin da ya ba kifin Haskell wannan kuɗi shi ne ƙarancinsa da shekarunsa da kwalinsa da ya zo da shi.

Doka

Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka mai lamba 77 ta 1979, ita ke da iko a kan kayan tarihi a Najeriya. Dokar ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka ma wanda yake da muhimmanci kuma aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Ba a fitar da irinsu daga ƙasa sai da izinin hukumar, cinikinsu kuma an keɓe shi ga waɗanda ta amince wa. Yawancin kayan su da ake samu ba su kai wannan shekaru ba, amma kan mashi ko zago na ƙarfen tama yana iya kaiwa. Abin da aka tono daga ƙasa hukuncinsa ya fi tsanani, kuma wajibi ne a sanar. Kwale-kwalen Dufuna misali ne: wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a yankin da yanzu yake Jihar Yobe, aka sanar da hukuma, masana suka tono shi a 1994, bincike ya nuna ya kai shekara 8,000, wanda ya sa ya zama jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka. A Kano, ofishin da ake tuntuɓa yana Gidan Makama, wanda ke ƙarƙashin hukumar ta ƙasa; Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha kuma tana Gidan Ɗan Hausa.

Adanawa

Kayan su sun fi ɓacewa ta hanyoyi marasa hayaniya. Idan tsoho ya rasu, itacen koma yakan shiga murhu, ragar a ɗaure dabba ko a rufe akurkin kaji da ita, gora ya zama mazubin dusa, ƙarafan kuma 'yan gwangwan su saye a kan kilo. Ba a ɗauke su dukiya a rabon gado, saboda haka babu mai lissafa su.

Wanda ya sami irin wannan kaya, abin da ya fi amfani shi ne ya bar shi yadda yake. Ba a kankare tsatsa da takardar yashi, ba a shafa man fenti, ba a wanke tsohuwar raga, domin zaren da ya bushe shekara da shekaru yana iya wargajewa a ruwa. Ƙura da burushi mai laushi ake share ta. Raga ana naɗe ta sako-sako a kwantar, ba a rataye ta a ƙusa nauyinta ya tsinka ta. Gora da itace suna son inuwa da wuri mai iska, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da rana saboda bushewar hunturu tana tsaga duma. Ƙarfe ana raba shi da danshin damina, kuma ba a kulle shi cikin leda.

Mafi muhimmanci shi ne takardar da ke tare da kayan: sunansa a bakin mai shi, ƙauyen, ruwan da aka yi su da shi a ciki, wanda ya ƙera ko ya saƙa, irin kifin da yake kamawa, da ko an yi aiki da shi kafin a datse kogin ko bayan haka. Tambaya ta ƙarshen nan ita ce ta fi saurin ba da shekaru a arewacin Kano, domin tsofaffi ko sun manta shekarar da aka yi abu ba sa manta ko madatsa ta zo a lokacin. Waɗanda suka yi su a Gari da Tomas da Watari kafin a datse su yanzu sun haura shekara sittin.